Baƙin Hunturu: Su Wa Ke Ƙirga Tsuntsayen Tabalak?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da na san da yawa daga masu karatu za su ɗauke shi ƙarami, wato tsuntsayen da ke sauka a tafkunanmu idan hunturu ya kama. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Tahoua, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wasu hotuna ne da ɗana ya aiko mini ta waya daga Amurka.

Yaron yana zaune a birnin Niyok, kuma aikinsa yakan kai shi gundumar Nasau, wadda ke kan tsibirin Long Ailan, yankin unguwannin bayan gari da ke bakin Tekun Atlantika. A cikin hotunan akwai mutane jere a kan rairayin bakin teku, sun duƙunƙune cikin manyan riguna, kowa da madubin hangen nesa a kan ƙafafu uku, duk sun fuskanci wuri guda. Na tambaye shi ko jirgin ruwa ne ya nutse. Ya ce a'a, Baba, mujiya ce suke kallo. Wata farar mujiya ce tas mai rawayen idanu, tana zaune a kan tudun yashi, kuma a cikin masu kallon akwai waɗanda suka yi tafiyar sa'o'i a mota cikin sanyin da ke daskarar da ruwa domin kawai su gan ta daga nesa, ba su matsa kusa ba don kada su tashe ta.

Wannan mujiya ba ƴar can ba ce. Gidanta yana ƙarshen arewacin duniya, inda babu itace sai fili da ƙanƙara, kuma abincinta wani ɗan ɓera ne da ke yawaita a wasu shekaru ya ragu a wasu. Shekarar da ɓeran ya yi yawa, mujiyoyin kan ƙyanƙyashe ƴaƴa da yawa, sai ƙananan su bazu kudu idan sanyi ya shigo, su nemi wurin da ya yi kama da gida, shi ya sa ake samun su a tudun yashin bakin teku da filayen jirgin sama. A sanyin 2013 zuwa 2014 sun kwararo gabashin Amurka da yawan da aka daɗe ba a gani ba, har ɗaya ta kai jihar Fulorida mai zafi. A watan Janairu na 2021 wata ta sauka a babban lambun tsakiyar birnin Niyok, inda rabon da a rubuta ganin irinta tun 1890. Ba ita kaɗai ce baƙuwar ba. Wasu dinyoyi da ke hayayyafa a Girinlan, waɗanda bisa al'ada Turai suke zuwa cin sanyi, akan tsinci ɗaya ko biyu daga cikinsu sun bi garken da ba nasu ba sun sauka a filayen Long Ailan. A watan Disamba na 2021 kuwa wata ƙatuwar gaggafar teku, wadda asalinta gabashin Rasha ne, ta bayyana a jihar Masachusets, daga nan ta wuce jihar Men, jama'a suka yi ta bin ta. Iska mai ƙarfi kan kauce da wasu daga hanya, wasu ƙanana ne da ba su taɓa yin tafiyar ba sai su ɗauki wata alƙibla dabam, wasu kuma neman abinci ne ke kai su.

A nan gida mun san matsayin mujiya. Idan ta yi kuka a kan rufin gida sai gaban mutane ya faɗi, yara su fito da duwatsu, alhali ɓerayen da ke ɓarna a rumbu su ne abincinta. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da na yi ta juyawa shi ne wancan lissafi na 1890. Ta yaya aka san shekara 130 ba a ga tsuntsu a wuri ba? An sani ne domin akwai masu rubutawa. A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye mai suna Frank Chapman ya ba da shawarar a bar al'adar fita gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti, a maimakon haka a fita a ƙirga su. Mutum 27 ne suka amsa kiran a shekarar farko, a wurare 25. Har yau ba a fasa ba. Kowace shekara, tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu, dubban ƴan sa-kai suna fita, kowace ƙungiya da da'irarta mai faɗin kimanin kilomita 24, su rubuta duk abin da suka gani, har da tsuntsayen da kowa ya raina. Tun 2002 kuma akwai rumbun intanet na eBird, wanda jami'ar Kornel ke kula da shi, inda kowa zai iya shigar da abin da ya gani daga wayarsa. Mafi yawan masu wannan aiki ba masana ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da tsofaffi masu ritaya irina. Wanda ya san ƴan gida shi ke gane baƙo, kuma su sun san ƴan gidansu ɗaya bayan ɗaya.

To, Malam Edita, ga inda maganar ta shafe mu. A cikin tsuntsayen da ake yi wa wannan tururuwa a gaɓar Amurka idan ɗaya ya ɓata hanya ya faɗa can, akwai waɗanda a wurinmu garke-garke suke zuwa. Akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa da ma'aikatan gandun daji ke kira sarsel da Faransanci, wadda namijinta ke da farin layi daga gira zuwa ƙeya. Akwai kuma wani mai dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo da gonakin shinkafa, wanda suke kira kombatan. Ɗaya tak daga cikin waɗannan ya isa ya tara jama'a a can. A nan kuwa, duk wanda ya tsaya bakin tafkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tahoua a kan hanyar Agadas, da sassafe a watan Janairu, zai iya ganinsu da idonsa ba tare da madubi ba.

Na sha tsayawa a wurin. Hazo yakan rufe ɗaya gaɓar har ba a ganinta, masunta suna tura kwale-kwale hannuwansu sun ƙage don ɗari, masu lambun albasa suna ta fama da injin ban-ruwa ya ƙi tashi. Can tsakiyar ruwa sai ka hangi wani baƙi-baƙi kamar ciyawa ta taru, sai wani abu ya firgita shi ya tashi gaba ɗaya, ka ji ƙarar fukafukai kamar ana sheƙa gero a faifai, garken ya juya sau biyu ya sake sauka nesa. Kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela namu ne, muna tare da su rani da damina. Amma da yawa daga cikin wancan garke a Rasha da gabashin Turai aka ƙyanƙyashe su. A bakin ruwan kuma, tsakanin ƙafafun shanu, akwai ɗan tsuntsu mai rawayen ciki da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa yana tsintar ƙwarin da kofato ya tayar. Shi ma daga Turai ya zo. Na taɓa tambayar wani dattijo masunci yaushe suke zuwa, ya ce da an gama yankan gero, kuma suna tashi kafin zafin bazara ya yi tsanani. Abin da ya faɗa daidai yake da abin da ke cikin littattafan masana, sai dai nasa ba a rubuta ba.

Mu Adarawa ba sai an yi mana bayanin ci-rani ba. Da an kai amfanin gona gida, samarinmu sun kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya, sai damina ta kusa su dawo. Haka waɗannan halittu suke, sai dai su ƙasarmu ce wurin ci-raninsu. Har ma kamar sun yi yarjejeniya da shamuwa: ita tana zuwa da ruwan farko ta yi sheƙa a kan itacen tsakar gari, kowa na murna da ganinta, babu mai taɓa ta, idan kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka, sai baƙin arewa su iso. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke tsallako Sahara daga Turai kowace kaka. Kafin su taso sukan ci su tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, domin a tsakiyar hamada babu ci babu sha, kuma wurin farko da za su tarar da ruwa da ganye bayan wannan wahala shi ne yankinmu na Sahel. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin ƙugu da ke tsayawa a kan dutse ko kututture a gonakin da aka girbe, nauyinsa bai wuce giram 25 ba. An ɗaura wa irinsa ƴar na'ura an gano cewa waɗanda ke hayayyafa a arewa maso gabashin Kanada suna ƙetare Tekun Atlantika su zo Afirka ta Yamma, na Alaska kuma suna yin kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka. Yaro da danƙo zai iya kashe shi a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma naman bai cika loma ba.

Akwai wani kuskure nawa da har yau yake damuna. Lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da tafki, wani ɗalibina ya zo mini da ɗan zoben ƙarfe mai sauƙi, ya ce daga ƙafar agwagwar da babansa ya kama a raga aka cire shi. Ya kawo shi a naɗe cikin tsumma, domin a gida an ce ƙila wani abin tsafi ne. Na juya shi a tafin hannuna, na ga lambobi da sunan birnin Mosko da haruffan boko. Na gaya wa yaron ba tsafi ba ne, na sa zoben a aljihun tebur da niyyar in bincika, aka yi mini canjin wurin aiki, zoben ya ɓata. Sai daga baya na fahimci abin da na yar. Wani mutum a wata ƙasa ya kama wannan agwagwa, ya sa mata zoben, ya rubuta rana da wuri a littafi, yana jiran wani a duniya ya aiko masa da lambar domin a san inda ta je da shekarun da ta yi. Ni ne wanda amsar ta zo hannunsa, kuma ban aika ba. Wannan dabara ta sa zobe wani malamin makaranta ne ɗan Denmak, Hans Mortensen, ya fara ta a 1899. Kafin nan Turawa sun daɗe suna gardamar inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har wasu na cewa cikin taɓo suke nutsewa su yi barci. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomitoci da shi, kuma har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostok. Ke nan wani maharbi na nahiyarmu, wanda ba a san sunansa ba, yana cikin waɗanda suka warware musu gardamar.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, waɗanda ke ƙirga tsuntsaye a can sun karanta labarin farinmu kafin duniya ta ji kukanmu. A bazarar 1969 masu ƙirga a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya cika shingayen gonakinsu, bai dawo ba sai kaɗan. Kusan kashi 70 cikin ɗari sun ɓace a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a Sahel, inda yake cin rani, ya hallaka shi. Wannan shi ne mafarin farin da ya kai mu ga yunwar 1973 da 1974, wadda duk wanda ya kai shekaruna a Adar yake tunawa da gawarwakin shanu a bakin hanya. Bayan farin 1984 kuma, a watan Yuni na 1985, kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. A duk waɗannan shekaru adadin farar shamuwa da zalɓe da tsattsewar gaɓa ya yi ƙasa a littattafan Turai. Ƙasarmu ce ke ciyar da su rabin shekara, amma lissafinsu yana hannun wasu.

Ba na cewa ba a yi komai ba, don kada in ci haƙƙin waɗanda suka yi wahala. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi a 1987, da gandun dajin W a matsayin wuri na farko, kuma a 2005 aka sa tafkin Tabalak da na Dan Dutsi, dukansu a jiharmu ta Tahoua, cikin jerin wuraren da duniya ta amince da muhimmancinsu. Akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowane Janairu tun 1967, kuma ma'aikatan gandun dajinmu tare da wasu masana sun sha fita yin ta a tafkuna da bakin kogi. An tabbatar da nau'in tsuntsaye sama da 500 a ƙasar nan. Sai dai sakamakon yana cikin rahotanni da Faransanci da Ingilishi, masunci na Tabalak bai taɓa jin abin da aka samu a ruwansa ba, kuma mutane ƙalilan da mota ɗaya ba za su iya kewaye ɗaruruwan tafkunan ƙasar nan a wata guda ba. Ƙarfin waɗancan mutane na bakin tekun Amurka ba a madubinsu yake ba. Yawansu ne, da kuma naciyar fita kowace shekara ko an ga baƙo ko ba a gani ba.

Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce. A cikin Suratun Namli an ba mu labarin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana binciken tsuntsaye, har ya lura babu alhudahuda, ya tambayi inda yake. Ba a gane wanda ba ya nan sai an san waɗanda ya kamata su kasance. A Suratul An'ami kuma an gaya mana cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi da fukafukai al'ummomi ne kamarmu.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a majalisarmu ta ƙofar gida: mutane na fama da tsadar hatsi, kai kana zancen tsuntsu. Kuma manomin da jan-baki ya cinye wa gero a yini ɗaya yana da hujjar ƙin duk wani mai fiffike. Ban raina wannan magana ba, kuma ba ina kiran a hana talaka abin miya ba ne. Amma jan-baki ɗan gida ne, ba baƙon Turai ba, kuma da yawa daga baƙin nan fara da ƙwari suke ci. Farar shamuwa da wasu shahunan da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonaki suna cin fara ba kaɗan ba. Bayan haka, ruwan da agwagwa ke sauka a kai shi ne ruwan da masunci ke kamun kifi, shi ne na mai albasa, shi ne na makiyayi. Idan yashi yana cike tafki, ko an sare bagaruwar bakinsa, ko maganin ƙwari yana gangarawa cikinsa, tsuntsaye kan riga mutane nunawa, amma sai idan akwai lissafin bara da na bana da za a gwada. Akwai kuma batun lafiya. A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, masu kaji suka yi asara. Mutanen da suka saba lura da tafkinsu su ne za su fara ganin tsuntsaye na mutuwa ba dalili, su hana yara taɓawa, su sanar da likitan dabbobi.

Wani abu da ya kamata masu dashen itace su sani: binciken da aka yi a faɗin Sahel ya nuna ƙananan baƙin nan sun fi taruwa a kan gawo da aduwa da sauran itatuwan ƙaya na gida, inda ƙwari da furanni suke, ba su cika kula dogonyaro da itacen turare ba. Dogonyaro ya yi mana rana a kwarin Majiya wajen tare iska, ba mai musun haka, amma gawon da manomi ya bari ya tsiro a gonarsa yana ba ƙasa taki, yana ba dabba abinci da rani, yana kuma sauke baƙo.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta buɗe ɗan gurbi daga Nuwamba zuwa Maris, inda masu karatu daga Tabalak, Dan Dutsi, Madarunfa, gonakin shinkafar Saga da sauran wurare za su aiko da abin da suka gani: wane tsuntsu, a ina, wace rana, kimanin nawa. A gidaje da yawa yanzu akwai waya mai ɗaukar hoto. Ina roƙon ƴan'uwana malamai su fitar da ɗalibai bakin tafki ko sau ɗaya a tsakiyar Janairu, da littafi da fensir, a ajiye littafin a makaranta domin malamin da zai gaje su ya ɗora. A zauna da dattawan masunta da maharba da makiyaya a rubuta sunayen da suke kiran kowane tsuntsu da Hausa da Tamashek da Fulatanci, domin kowane dattijon da muka binne yana tafiya da wasu sunaye da jikokinsa ba su ji ba. Duk wanda kuma ya tsinci zobe ko ƴar na'ura a jikin tsuntsu, kada ya ji tsoro, kada ya yar. Ya ɗauki hoton lambar, ya rubuta rana da wuri, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Su kuma ina roƙonsu su karɓe shi da fuska sake ba da barazanar tara ba, in ba haka ba babu wanda zai sake kawowa, sannan idan sun gama ƙidayarsu su dawo su faɗa wa mutanen garin abin da suka samu, a gidan rediyon gari, da harshen da suke ji.

Ni dai na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ɗana kuma ya yi alkawarin aiko mini da madubin hangen nesa. In Allah ya kai mu tsakiyar Janairu zan kwana a Tabalak in fita da asuba tare da jikokina biyu, kuma abin da muka ƙirga zan aiko maka da shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta,
Tahoua, Jamhuriyar Nijar.